Ƙyauren Gidan Baƙin Zankaro

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai tabarma ya shimfiɗa, marar tabarma ya share ƙasa. Ni ne Korau ɗan Nomau, marini jikan marina, wanda ƙaiƙayin ƙafa ya hana shi zama bakin karofi. Na keta dajin da itatuwansa ke ƙaura da rani su dawo da damina, na sauka garin da ake sayar da inuwa a kasuwa, na ci tuwo da mutanen da ke gaisawa da duga-dugai. Duk cikin waɗannan ba inda dariya da takaici suka shaƙe ni lokaci guda kamar ƙasar Walangi, wurin masu bautar Tsohuwar Kuka, a shekarar da aka so yi mini kyauta har na kusa rasa raina.

Abin da ya fitar da ni gida shi ne labarin wani irin baba na rini da aka ce yana tsirowa can gabas, wanda in ya kama zane ba ya sakinsa har zanen ya mutu. Tafiya ta kai ni bakin Kogin Waiwaye, kogin da ke gangarawa gabas da safe, in rana ta take ya juya ya koma yamma. Masu fito suka ce in dakata, lokaci ya ƙure. Na ga kamar ƙarin lada suke nema, sai na ɗauki aron wani ɗan kwalekwale na shiga. Ina tsakiyar ruwa kogin ya waiwaya. Kwalekwale ya kife, ƙunshin turkuɗina da jakar guzuri suka yi nasu wuri, ni kuma ruwa ya yi ta wasa da ni har ya gaji ya tofar da ni a gaɓa, daga ni sai ɗan wando.

Ban gama aman ruwa ba sai ga ƙarti sun fito daga cikin ciyawa ta fuska biyu, kowa da kulki. Na ce a raina shi ke nan, 'yan fashi ne, kuma sun makara. Ashe ba ni za su doka ba, junansu za su doka.

“Namu ne! Tun yana tsakiyar ruwa muka hango shi!” in ji wani dogo mai tsagen fuska.

“Ƙarya kake, Bagudu! Dubi kansa, ai a gonar maigidanmu Makau ya faɗo.”

“Ƙafafunsa fa? Ba ga su a gaɓar Zankaro ba? Da kai mutum ke zuwa wuri ko da ƙafa?”

Suka kaure da faɗa a kaina, ina kwance ina kallon kulake na wucewa ta sama. Mutanen Bagudu suka rinjaya. Ya tsuguna ya lalubi haƙarƙarina, ya ɗaga leɓena ya dubi haƙora, ya matsa cinyata, sannan ya ɓata fuska.

“Yana da sauran tsoka,” ya ce wa mutanensa. “Amma da sauran lokaci.”

Na ce, “Don girman iyayenku, in cin mutane kuke yi ku faɗa mini in sani.”

Suka tuntsire da dariya har wani ya yar da kulkinsa. Bagudu ya ce, “Mu ci ka? Haba baƙo, taimakonka za mu yi. Kai dai ka taki sa'a.”

Aka tasa ni gaba zuwa gidan Zankaro. Rumbunansa sun yi jere kamar rimaye, kowanne da hular jinka mai ado. Shi kansa yana kishingiɗe a zaure, wuya ninki-ninki, zobba sun nutse cikin yatsu, maroƙa na gefe suna yabon atishawar da ya yi kafin mu shigo. Da ya gan ni sai ya fara matso hawaye. Nan da nan wani bara ya tara masa 'yar ƙwarya ƙarƙashin ido, don a ajiye hawayen a nuna wa jama'a ranar taro.

Ya ce, “Bawan nan, me ya rage maka a duniya?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba komai. Kogi ya cinye duka.”

“Ko dangi?”

“Suna nesa ƙwarai.”

Fuskarsa ta washe. Ya ce, “Madalla! Bagudu, bana Makau ya shiga uku. Duk abin da ya tara makafi biyu ne da gurgu, kuma jama'a sun gaji da ganinsu. A kai shi gidan baƙi, a kula mini da shi.”

Gidan baƙin katanga ce doguwa da ƙofa ɗaya. Ƙyaurenta na maɗaci ne mai kauri, an sassaƙa masa hannuwa buɗaɗɗu a fuska, abin sha'awa. Ina shiga aka turo shi, na ji sakata ta faɗa ta waje.

A ciki na tarar da mutane zube a gindin bango, duk sun yi zuru-zuru. Wata dattijuwa mai suna Gwamma ta matsa mini a tabarmarta. Mijinta Ranau yana kwance kusa da ita, tari na girgiza shi. Ta ce gobara ce ta cinye ƙauyensu bayan girbi, ba su ko gama kashe wutar ba mutanen Zankaro suka iso da jakuna suka kwashe su.

Na ce, “Inna, wace irin ƙasa ce wannan da ake kulle mutum don a taimake shi?”

Ta ce, “Ɗan nan, ba haka muka gada ba. Kowace shekara in Tsohuwar Kuka ta zubar da ganye, duk Walangi sai ta hallara gindinta, shi ne Taron Buɗe Rumbu. Wanda gonarsa ta yi kyau ya kawo, wanda tasa ta mutu ya ɗiba, a zuba wa Tsohuwa giya a saiwa, a yi rawa a watse. In ta ji daɗin wata kyauta sai ta sako 'ya'yanta ƙasa. Daga baya manya suka ce wanda Tsohuwa ta fi sako wa 'ya'ya a naɗa shi Uban Kyauta, shi zai raba gonakin fadama a shekarar. Tun daga ranar mabukaci ya yi tsada. Suna tara mu da wuri don kada maƙwabta su riga su taimakonmu.”

“To ramar nan fa?”

“Wa zai yi guɗa in an ba mai ƙiba saniya? Wanda bai rame yadda ake so ba, a ajiye shi sai baɗi.”

Abincinmu ruwan kunu ne sau ɗaya a yini, mai tsinkewar da kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Ba a yarda mu wanke tsummokaranmu ba. Da hantsi Bagudu kan shigo da toka ya shafe mu, sannan ya jera mu ya koya mana kuka.

“Ba haka ba, kai baƙo! Wannan ai kukan akuya ne. Daga ciki za ka jawo shi, ka bari kafaɗa ta yi rawa. In Uwar Kuka mai kula da Tsohuwa ta tambaye ka abin da kake so, ka ce riga da saniya da dami na gero. Maimaita!”

Na maimaita. Da ya fita wani tsoho da ya shekara a gidan ya ce kada in sa rai da saniyar. Guda ɗaya ce, ita ake bayarwa kowace shekara, ta saba har ba ta jiran a zo ɗaukarta. Da an watse take tsinke igiya ta koma garken Zankaro da kanta.

Abin da ya riƙe rayukanmu wuriya ce, 'yar kafar da ruwan sama ke fita a gindin katanga. In rana ta take, masu gadi sun yi sheme-sheme a inuwa, sai ka ga hannu ya shigo ta cikinta da ɗumamen tuwo a ƙunshe cikin ganye, wani lokaci dafaffen wake, wani lokaci ɗan curin fura. Hannun mace ne, kullum da busasshen yumɓu a farce. Ran nan na kwanta rub da ciki na kai bakina wurin.

Na ce, “Baiwar nan, wace ce ke, in san wadda zan gode wa?”

Ta ce, “A wurinmu ba a faɗa. Kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Kowace mace a unguwa in za ta yi daka tana ware tafi ɗaya. Karɓi, hannuna ya gaji. Ka ba tsohon nan mai tari na farko.”

Gwamma ce ta gane muryar, ta raɗa mini cewa Yalwa ce mai ginin tukwane.

Ba a daɗe ba kumatunmu suka tona asiri. Bagudu ya kama nawa ya ja, ya yi salati irin nasu da sunan Tsohuwa.

“Wane mugu ne ke ɓata wa maigida aiki? Ana wahala ana ramar da ku, wani marar tausayi yana ciyar da ku!”

Ya bi gindin katanga har ya ga ganyen ƙunshi. A ranar aka toshe wuriya da laka da ƙaya. Daga nan Ranau ya fara tafiya ƙasa. Tarin ya koma yana fita da jini, ko zama ba ya iyawa sai Gwamma ta tallafe shi. Na roƙi Bagudu ko ludayin fura ɗaya ne a ba shi.

Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Wannan ya wuce misali. In ya mutu a gindin Tsohuwa ya jawo wa maigida abin faɗa. Ba za a fita da shi ba. Ke tsohuwa, ke kin yi daidai, za a fita da ke.”

Gwamma ta ce, “Ƙafata ƙafarsa. Sai dai ku ja ni, ni kuwa in tsaya gaban jama'a in yi ta dariya.”

“To ku zauna sai baɗi,” in ji shi. Ya fita, sakata ta faɗa.

Ana jibi taro Gwamma ta jawo ni gefe. Ta ce akwai doka guda da manya ba su iya taɓawa ba. Duk abin da mabukaci ya ambata yana dafe da jikin Tsohuwa, dole a ɗauko shi daga gidan mai kyauta a kawo gaban jama'a nan take, kuma talakawa ne ke zuwa ɗaukowa. In mai kyauta ya hana, a buɗe rumbunansa kowa ya ɗiba.

Na ce, “To me ya hana waɗanda aka fitar a baya su tona masa asiri?”

Ta ce, “Su noma ina bayan nan? Fadama a hannunsa take. Kai ne ba ka da gona a Walangi.”

“Sai in ce a ba ni ke da Baba Ranau.”

“Ba a roƙon mutum, sai abu. In ka ambace mu zai ce bai san da mu ba, wa zai leƙa?”

Na yini ina juya maganar, ina zaune na jingina da ƙyaure, bayana yana gogar kartar da faratan mutane suka bari a jikinsa. Kafin rana ta faɗi na san abin da zan roƙa, amma ban gaya wa kowa ba.

Ranar taro ni kaɗai Bagudu ya zaɓa, ya ƙara mini toka, ya yaga wandona ta inda bai yage ba, aka sa ni gaba da kalangai. Tun daga nesa na hango Tsohuwar Kuka. Ni ban taɓa durƙusa wa itace ba, amma sai da na sunkuyar da kai. Gindinta ya fi wata unguwa faɗi, rassanta tsirara sun tokare sama, an ɗaure mata fararen ƙyallaye har inda ido ke kaiwa. An yanka jajayen awaki, ana kwarara giya a saiwoyi, ganguna na tashi.

Wurin ya kasu biyu. A hagu talakawa ne, sun shimfiɗa manyan tabarmi. Mace ta zo da ƙwaryarta a rufe da faifai, ta juye a kan tsibi ta wuce, ba wanda ya dubi yawan abin da ta kawo. Wata kuma ta zo da ƙwarya wofi a rufe da irin faifan nan, ta cika ta wuce, in ba ka ƙura ido ba ba za ka san wace ce ta zuba wace ce ta ɗiba ba. Maza na gefe suna rabon aiki, su wane za su yi wa gwauruwa jinka, su wane za su yashe rijiyar da ta rufta. Ba kiɗa a wajen, sai ƙarar hatsi.

A dama kuwa manya ne bisa gadaje masu rumfa, kowa da maroƙansa da mabukatansa a tsugune kamar kajin kasuwa. Makau aka fara kira. Ya tako da ƙyar saboda nauyin riguna, ya ba makahonsa na farko madubi mai bakin azurfa, ya ba gurgunsa takalman sukuwa. Maroƙa suka kece da kirari, sai ga 'ya'yan kuka suna faɗowa tim, tim. Jama'ar dama suka yi sowa. Ni kuwa na ɗaga kai, na hango tafin ƙafar mutum da bakin buhu a tsakanin rassa. Na duba ɗaya reshen, ga wani ƙaton a laɓe da nasa buhun, ya fi na farko girma. Wannan na Zankaro ne, yana jiran lokacinsa.

Aka kira Zankaro. Aka fara zagayawa da 'yar ƙwaryar hawayensa ana nuna wa mutane, ta cika har tana zuba, ban san ko da ruwan wace rijiya aka ƙarasa ta ba. Babban maroƙinsa ya ba da labarina, ya ce maigida da kansa ya faɗa kogi ya fizgo ni daga bakin kada. Bagudu ya mintsine ni a ƙugu don in fara kuka, ya tura ni gaba.

Uwar Kuka, mai kula da Tsohuwa, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai askakken kai, idanunta irin na wanda ya gaji da kallon abu ɗaya. Ta kama hannuna ta ɗora a jikin itacen, ta yi tambayar kamar mai hamma.

“Baƙo, me kake so Zankaro ya ba ka?”

Har an fara jawo saniyar, ita ma tana tahowa ba gardama. Na ɗaga murya yadda na hagu za su ji.

“Uwa, ƙyaure nake so.”

Kalangai suka tsaya. Ta ce, “Me ka ce?”

“Ƙyauren gidan baƙinsa. A ciro shi yadda yake, da sakatarsa, a kawo mini nan.”

Zankaro ya yi wata dariya da ba ta wuce haƙora ba. Ya ce, “Ku yi masa uzuri, ruwan kogi ya taɓa masa kai. Ɗana, saniya kake nufi. Na ƙara maka da maraƙinta. Na ƙara da doki!”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni marini ne, ban iya kiwo ba. Ƙyauren dai.”

Gajiyar nan ta bar idon Uwar Kuka. Ta dube ni, ta dubi Zankaro, ta ce, “Ya faɗa, hannunsa a jikin Tsohuwa. Ka bayar ko ka hana?”

Ya waiwayi rumbunansa da ke hange daga nan, gumi na bin ninkin wuyansa. Ya ce, “Na bayar.”

Maƙera da masassaƙa suka tashi daga hagu da kayan aikinsu suka nufi gari. Aka zauna jira, saniyar na ta tuƙa. Can sai ga su sun ɓullo, ƙyaure a kafaɗunsu a kwance, Ranau a bisansa, don ba su sami abin da za su ɗauko shi da shi ba sai wannan. Gwamma na biye tana riƙe da ƙafarsa. A bayanta sauran mutanen gidan ne, masu dafa juna da masu rarrafe, suna kare ido daga hasken fili.

Aka sauke Ranau a tabarma, aka jingina ƙyauren da gindin Tsohuwa. Uwar Kuka ta shafa hannuwan nan buɗaɗɗu da aka sassaƙa, ta kama sakatar da ke tsakaninsu ta ja ta mayar. Ta sa aka juya mata ɗaya fuskar, ta bi kartar farata da yatsa.

Ta ce, “Zankaro, gidan baƙinka ta waje ake kulle shi?”

A daidai nan ƙaton da ke kan reshe ya miƙo wuya don ya ga abin da ake ciki, ƙafarsa ta zame, ya rikito da shi da buhunsa a kan rumfar maigidansa. Rumfa ta rufta, 'ya'yan kuka suka watsu ko'ina, ɗaya ya gangara har gaban Uwar Kuka da alamar wuƙa a inda aka yanko shi.

Na zaci mutanen hagu za su far wa manya da sanduna. Ko kallonsu ba su yi ba. Mata suka taso da ƙore, kowace ta kama mutum ɗaya ta zaunar. Wata gajeriya kakkaura ta durƙusa gaban Ranau da kunu mai kauri, na ga yumɓu a faratanta na san ita ce. Kafin ya shanye, maza sun gama raba aikin ƙauyen su Gwamma, waɗannan za su saro itace, waɗannan za su yanko shuci, masu jakuna za su kai hatsi. Aka buɗe tsibin tabarma aka auna wa kowane ɗan gidan baƙi abin da zai kai shi kaka.

Ni kuwa ina jiran in ga yadda kunya za ta kashe Zankaro. Ashe ban san manyan Walangi ba. Babban maroƙinsa ya karkaɗe riga, ya gyara murya, ya ɗaga hannu.

“Zankaro mai kyautar ƙyaure! Wasu sun ba da madubi, wasu sun ba da takalmi, kai ka tuɓe ƙofar gidanka ka ba baƙo! Dubi bayin da suka fito daga inuwarka, wa ya tara kamarsu?”

Kalangai suka ɗauka. Manya suka dubi juna, kowa ya tuna nasa gidan baƙin da tasa sakatar, sai suka shiga gyaɗa kai. Tunda bai hana ba, doka ba ta taɓa rumbunsa ba. Kafin la'asar sun naɗa shi Uban Kyauta, Makau ma ya zo yana taya murna da ciwon rai. Uwar Kuka ta tofar da yawu ta juya musu baya, ba wanda ya kula a cikinsu.

Ana cikin guɗa Bagudu ya raɓo ni yana murmushi. Ya ce, “Baƙo, kogin da ya tofar da kai yana nan. Wannan karon da dutse za mu mayar masa da kai.”

Yalwa ta ji. Ta yafa mini zanenta ta cusa ni cikin matan da suka ɗauki Ranau, muka shige gidanta. A can ya kwana ya yini, ya ci tuwo da miyar kuka har ya nemi ƙari, ya ce a ba shi giya ya jiƙa maƙoshi, ya tambayi Gwamma ko an ce za a maida ɗakinsu inda yake a da. Ta ce a nan za a maida shi. Da yamma ya cika.

Gwamma ba ta yi kururuwa ba. Ta rufe masa ido ta ce, “Da sun bar mana kafar nan a buɗe, da ya ga damina.”

Masassaƙa sun kawo mini ƙyaurena, suka ce ai nawa ne. Na ce na bar wa Gwamma. Ta sa aka faskara shi, da shi aka dafa tuwon makoki.

Mutanen Bagudu kuwa sun tsare duk hanyoyin fita gari. Ranar kasuwar bakin kogi Yalwa ta sa na naɗe cikin wata babbar randa, ta rufe bakin da akushi, aka ɗora a kan amalanken shanu tare da sauran tukwane. A ƙofar gari na ji muryar Bagudu yana cewa a sauke kaya a duba.

Yalwa ta ce, “Ku duba mana. Amma ku sani randunan nan na Uban Kyauta ne, ya ce a kai bakin kogi a raba wa masunta da sunansa, maroƙa na can suna jira. Wanda ya fasa ɗaya, shi zai je ya faɗa masa an rage masa yabo.”

Na ji kulki ya taɓa randata a hankali, ƙwas, sannan ya janye. Bagudu ya ce, “Ku wuce, ku bi a sannu kada su gogu.”

A bakin ruwa na fito duk gaɓoɓina sun sandare. Na buɗe baki zan yi godiya, Yalwa ta cusa mini ƙunshin ɗumame a hannu ta ce in yi sauri kogi bai juya ba tukuna. Wannan karon abin da masu fito suka ce shi na bi.

Bayan shekara ta zagayo, ina wata kasuwa can ƙasar masu gina gidaje a kan tururuwa, na haɗu da wani farke ɗan Walangi yana sayen gumaguman maɗaci, ko tayi ba ya yi. Na tambaye shi me ake da itace haka a ƙasarsu.

Ya ce, “Ai ba ka ji ba? Yanzu kyautar ƙyaure ake yayi. Kowane babba ya sa a sassaƙa masa, na Makau sai giwa biyu ke jansa. A taron bana duk mabukacin da aka fitar da ƙyaure ya koma, wani ma ƙyauren ya danne shi ya karya masa ƙugu.”

Na ce, “Gidajen baƙin fa? Sun zauna a buɗe ke nan?”

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, “A buɗe kuma? Mabukatan su watse kafin taro? Ai na ƙarfe aka sa musu, an kafe shi cikin dutse yadda ba maƙerin da zai iya ciro shi.”

Ya juya ya ci gaba da auna itacensa da kamu. Ni kuma na ɗauki sandata na nufi gabas. Na Walangi ke nan, iyakar abin da idona ya gani da abin da kunnena ya jiyo, sai kowa ya naɗe tabarmarsa.